Tagwayen da Suka Ƙone a Gangaren Gidan Ruwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya riga shi samun wurin zama, iyalan gidan Malama suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar tagwayen fitilun hazo na babur ɗin Auta, ta dama da ta hagu, waɗanda suka cika tare, da safiyar Talatar makon jiya, a gangaren da ke sauka gidan ruwa, suna da wata goma sha huɗu a duniya. Wuta ce ta ci su. Ta so ta haɗa da wanda ke bisa babur ɗin, Allah bai nufa ba, ta tsaya a bayan hannunsa na hagu da ƙwaurinsa.

Ba a saba tsawaita sanarwa irin wannan ba, ba a kuma saba jinkirta jana'iza ba. An yi duka biyun ne saboda maganar da ta riga gawar isowa gida. Tun kafin a turo ƙonannen babur ɗin, labari ya zaga layi cewa marigayan su suka jawo wa kansu: wai irin waɗannan fitilu suna zuƙar wutar da ta fi ƙarfin babur, sai su yi ta dafa waya a hankali har wata rana ta kama. Mai shagon kan kwana ya ce ya san mutum uku da hakan ta faru da su, amma da aka nemi sunan ko ɗaya sai ya shiga auna wa wata sukari. Yayar Auta ta bugo waya tana kuka, tana cewa dama ta faɗa, ko da yake babu wanda ya tuna ranar da ta faɗa. Masu babur biyu a layin suka kwance nasu kafin la'asar.

Malama, mahaifiyar Auta, ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da kimiyya, kuma "an ce" bai taɓa cin maki ko rabi ba a takardar da ta duba. Amma wannan karon ba son gardama ne ya fitar da ita ba. Ranar Litinin hutun jinyar Auta zai ƙare, zai hau babur ɗin aro ya sake sauka wannan gangaren. In maganar mutane gaskiya ce, sa masa fitilu daidai yake da zaunar da shi a kan murhu. In ƙarya ce, barinsa babu su tura shi ne ƙarƙashin tifa. Ta juya maganar ta kowane gefe, ba ta ga inda za ta kama ba.

Game da haihuwarsu, ga yadda aka yi. Auta shi ne mai tayar da injinan tura ruwa, ƙarfe shida na safe dole a ji ƙugin injin farko. Hanyar tana bin gefen kogi ta gangara kwari, kuma da asuba wani jiƙaƙƙen hazo kan taso daga ruwan ya kwanta a kwarin kamar an kifa masa kwano. Tifofin yashi su ma nan ce hanyarsu. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ta cire wa Auta madubi. Direban mutumin kirki ne, da ƙafarsa ya zo har gida riƙe da madubin, yana rantsuwa bai ga komai ba sai ƙara da ya ji. Bayan ya tafi Malama ta sa Auta ya hau babur ɗin a tsakar gida, ta auna daga inda madubin yake zuwa kafaɗarsa. Taƙi ɗaya ne da yatsa biyu.

Masu ba da shawara suka yi caa. Kowa ya ce a samo ƙatuwar farar fitila mai kashe ido a ɗora a saman kan babur, wai haske ba ya yawa. Malama ta saurare su duka, sannan ta shiga kicin ta rufe ƙofa da taga, ta ɗora babbar tukunya har tururi ya turnuƙe ɗakin, ta ba matar Auta tocila. Da aka haska daidai fuska, babu abin da aka gani sai farin bango yana dawo wa mutum cikin ido. Da aka sauke tocilar daidai gwiwa, sai ga ƙafafun tebur, ga bokiti, ga silifas ɗin matar Auta, wadda ke tari tana tambaya ko ita ma za a ba ta maki. Nan aka yanke cewa marigayan za su zauna ƙasa, su kalli ƙasa. Maganar haskensu ya zama ruwan ɗorawa kuwa, Malama ba ta da hujja a kai, ta dai ga ya fi yi wa idonta daɗi.

A rumfar Mai Wayarin, mai gyaran wutar babura, aka karɓi haihuwa. Siririn mutum ne, ƙafar tabaransa ɗaya da waya aka ɗaure ta, kuma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Malama ba ta tsaya ba, kujera ta zo da ita. A gabanta ya ɗaure su a ƙarfen da ke kare gwiwa, ɗaya dama ɗaya hagu, ya jawo waya daga batir ta ƙarƙashin tanki zuwa wuyan babur, ya ɗaure ta da ɗan maɗaurin roba, ya kai ta makunni kusa da babban yatsan hagu. Dab da batir ya saka fis, ɗan shuɗin abu da bai kai ƙumba biyu ba, wanda aikinsa shi ne ya ƙone ya yanke wuta in ta yi ambaliya. Ya ce mata duk babur ɗin babu abin da ya kai shi ƙanƙanta, kuma shi kaɗai ne ya yarda ya mutu don saura su rayu. Da rana ta yi sanyi aka ja babur taku goma daga bango, Malama ta ja layi da alli daidai gwiwarta, shi kuma ya yi ta murɗa noti har hasken ya kwanta a ƙarƙashin layin.

Game da halinsu, duk wanda ya zauna da su zai yi musu kyakkyawar shaida. Ba su da ɗaga kai. Ba su taɓa kashe wa mai tahowa ido ba, ba su taɓa gasa da babbar fitila ba, ko da yake sun san ranar hazo ita ba ta ganin ko tayar gabanta. Ba su da surutu. Duk maganarsu a duniya ita ce ƙas ɗin makunni, sai wani siririn ziii da ba a ji sai gari ya yi tsit. Direbobin tifa suka sa wa babur ɗin suna mai idon mage, suka kuma koyi ratse masa tun daga nesa. Auta ya ce akwai ramuka a gangaren da ya shekara bakwai yana faɗawa, bai san kamanninsu ba sai da marigayan suka gabatar masa da su.

Kowace safiya, ƙarfe biyar da rabi, sukan gaida Malama. Makullin get a hannunta yake. Takan tsaya da mayafi a kafaɗa, Auta ya danna, ƙas, idanu biyu su faɗa jikin get ɗin, sannan ta buɗe kwaɗo. Doka ce ta kafa tun ranar farko: babu haske biyu, babu fita. A wata na uku aka gwada dokar. Ta hagu ta ƙi kamawa, ashe bakin waya ne ya kwance. Malama ta ɗaure makullin a bakin zani. Auta ya roƙa, ya yi dariya, ya tuna mata shekararsa arba'in da ɗaya, ga 'ya'ya mata biyu, ga furfura a gemu. Ta ce ta san shekarunsa, tana wurin aka fara ƙirga su. Sai ƙarfe takwas Mai Wayarin ya buɗe rumfa. Ranar rabin gari bai ga ruwa a famfo ba har azahar, aka kuma ba Auta takardar gargaɗi mai cewa ta biyu ita ce ta ƙarshe. Malama ta karanta, ta gyara musu kuskuren rubutu guda biyu, ta ce takarda dai ta fi likkafani. Auta ya ninke takardar ya sa a aljihu. A lokacin ta ɗauka ya yarda ne.

Game da jinyarsu, gajeruwa ce, kuma a ɓoye suka yi ta. Sai yanzu ake haɗa alamu. Matar Auta ta ce cikin makonnin nan yakan riga lokaci fita tsakar gida, ya tsuguna gefen babur yana taɓe-taɓe. Malama ma ta sha jin motsinsa ta taga, ta ji daɗi, tana cewa a ranta yaron ya fara duba mai da kansa. Sau ɗaya ko biyu ta ga sun ƙifta ido lokacin da ya karya kan babur zai fita. Ta ce idonta ne, don likita ya daɗe yana mata maganar yanar ido.

Safiyar da abin ya faru hazon ya fi na kullum kauri. Auta ya kai tsakiyar gangaren sai ya ji ƙauri, irin na roba. Ya ce a ransa wani ne ke ƙona shara. Sai ƙwaurinsa ya ɗauki zafi. Ya duba ƙasa ya ga hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin tanki, tankin da ya cika da yammacin jiya. Marigayan suka yi ziii mai tsawo, irin wanda ba su taɓa yi ba, suka yi fat, suka rufe ido. Babbar fitila ta bi su. Ya rage shi kaɗai a tsakiyar hanya, cikin farin duhu, wuta a tsakanin ƙafafunsa, kuma daga sama yana jin tifa tana saukowa tana canja giya.

Ya kwantar da babur ɗin, ya cire rigar sanyi ya shiga dukan wutar, hannunsa ya ƙone bai sani ba. Direban tifar ya ce shi ba mutum ya gani ba, wani jan abu ya gani yana rawa a ƙasa, ya taka birki da ƙafa da addu'a. Ya tsaya taku huɗu daga Auta. Da shebur ya yi ta kwaso jiƙaƙƙen yashin da ya rage a bayan motar yana zubawa har wutar ta mutu. Harshenta ya riga ya lashi fentin tankin, bai kai bakinsa ba. Malama ta je ta ga wurin daga baya. Ta auna taku huɗun da ƙafarta, ta dawo ta sake aunawa, har mai keken da ya kai ta ya ce ko za su koma haka nan.

Sun rasu sun bar babur ɗin, yana kwance a rumfar Mai Wayarin babu kujera, wayoyinsa a narke. Sun bar babbar fitila, wadda aka ce za ta tashi. Sun bar ham, da ya shaƙe tun ranar bai ƙara cewa uffan ba, da makunninsu, wanda har yanzu in an danna yana yin ƙas, babu mai amsa masa. Sun bar Auta da matarsa da 'ya'yansu biyu, ƙaramar tana tambaya ko mage ta makance. Sun bar Malama, wadda tun ranar in aka ƙona ko takarda a maƙwabta sai ta miƙe tsaye.

Ga abin da ya jinkirta jana'iza. Malama ta ɗauki kujerarta ta koma rumfar Mai Wayarin, ta same shi zaune babu aiki, don maganar layi ta riga ta isa can. Ta ce ya kawo sababbin fitilu irin marigayan sak, da waya irin waccan, ya haɗa a batir a kan benci. Ya haɗa. Ya sa agogonsa na awon wuta, allurar ta nuna su biyun a haɗe ba su ci abin da babbar fitila ke ci ita kaɗai ba. Malama ta ce agogo ma ɗan adam ne ya ƙera shi. Ta kama wayar da yatsu biyu ta zauna, tun hantsi har aka kira azahar. Yatsunta suka sage, wayar ko ɗumin kofin shayi ba ta yi ba. Maganar mai shago ta faɗi ke nan. Amma hankalinta bai kwanta ba, ƙara tashi ya yi, don gara maƙiyin da aka san sunansa.

Sai ta juya kan Mai Wayarin. Akwai masu cewa tun farko bai saka fis ba. Ta san ya saka, da idonta ta gani, to me ya hana shi ƙonewa ya yanke wutar? Ya tono gidan fis ɗin daga cikin narkakkiyar roba, ya ɓare shi da wuƙa, ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Sannan ya juye abin da ke ciki a tafin hannunta. Babu shuɗin abu. Silin jan ƙarfe ne, an murɗe shi an lanƙwasa an cusa.

Ya bi wayar da yatsa har wuyan babur ya nuna mata. Maɗaurin robar ya tsinke, wayar ta sauko tana gogar ƙarfe duk lokacin da aka karya kai, har rigarta ta cinye. Ya ce duk sanda tsirarar wayar ta taɓa ƙarfe, fis zai ƙone, fitilu su mutu, babur ya tsira. Gyaran minti biyar ne da an kawo masa. Amma wani ya gaji da fis mai ƙonewa, ya sa masa wanda ba ya ƙonewa. Ta tambaye shi kai tsaye ko shi ne. Ya ce shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, an zarge shi da saɓa alkawari, an zarge shi da cewa gobe alhali jibi yake nufi, duk ya amsa, amma wannan ba aikinsa ba ne. Ya ce ta duba sirantar silin. Ba wayar babur ba ce, wayar cikin gida ce.

A ƙafa ta koma, silin a ƙulle cikin hankici. Ba ta shiga ɗakinta ba, ɗakin ajiya ta wuce. Can bayan tsohon keken ɗinki akwai dutsen gugarta na da, mai wayar da aka naɗe da zare. Wayar ta ragu da taƙi guda, an yanke ta tsaf da wuƙa. Malama ta zauna a kan bokitin fenti. Matar Auta ta leƙo sau biyu, ta ga fuskarta, ta koma.

Ta sami Auta kwance, hannun a naɗe da bandeji bisa matashi. Ta kwance hankicin ta ajiye a gefensa. Ya dubi silin, ya dubi rufi.

"Auta, sau nawa ya ƙone?"

"Huɗu, Umma."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da kin buɗe get ɗin?"

Ta zauna a bakin gadon. Ya ce ukun farko a hanya suka ƙone, ya saya ya canja, yana cewa ƙarshen mako zai kai a duba. Na huɗun a tsakar gida ne, biyar da minti ashirin, yana juya babur ya fuskanci get, yana jin takunta tana tahowa, babu shagon da ya buɗe. Ya yi niyyar cirewa da ya taso aiki. Fitilun suka kama lafiya lau, gobe ta zama jibi. Kwana tara ya yi yana hawa da sauka a kan wannan silin, cikinsu har da ranar da ya kai ƙaramar 'yarsa asibiti, tana zaune a kan tanki.

Za a yi jana'izar marigayan ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a rumfar Mai Wayarin. Ba a roƙa wa ƙarfe gafara, don haka ba a buƙatar doguwar addu'a. Wanda ya ga dama ya yi wa direban tifar, ya yi wa Auta ta samun sauƙi. Za a sa su a gwangwanin madara tare da fis guda huɗu da aka tsinta a aljihun ƙonanniyar rigar sanyi, waɗanda suka riga su tafiya ba tare da an yi musu sanarwa ba, a miƙa wa mai tara tsofaffin ƙarafa. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu babur da suka kwance nasu ana roƙonsu su zo da su, Mai Wayarin zai duba wuyan kowane babur. An ajiye wa mai shagon kan kwana kujera a gaba, in ya samu mutanensa uku ya taho da su.

Ranar Lahadi za a ɗaura sababbi a babur ɗin aro, da izinin mai shi. Za a zura wayar cikin tiyo, a ɗaure ta wuri uku, a liƙa fis biyar a ƙarƙashin kujera. Direban tifar da ya kashe wutar ya yarda duk safiyar da suka ƙi kamawa a kira shi, zai tsaya a mahaɗa ya ɗauki Auta. An kafa ƙusa a jikin bango kusa da get, makullin yana rataye a can tun jiya. Malama za ta kasance a ɗakinta ranar Litinin da asuba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ce mata ta kwantar da hankalinta, an gwada.

Ga masu tambayar sanadin rasuwa: fitilun ba su ja wutar da ta fi ƙarfin babur ba, Mai Wayarin kuma ya saka fis. Waya ce ta goge a wuyan babur, fis ya ƙone sau huɗu. A na huɗun Auta ya cusa silin jan ƙarfe a gurbinsa, saboda mahaifiyarsa tana tahowa da makulli, kuma ba ta buɗewa sai ta ga haske biyu.